Muhimmancin Horon Zurfafa Ƙwarewa Ga Likitocin Tiyatar Gwiwa

Duk mai halartar jam'i a masallatanmu ya lura da yadda kujeru ke ƙaruwa a gefen sahu. Da yawa daga cikin dattawan da ke salla a kansu gwiwa ce ta gaza musu: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gaɓar ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi. Idan ciwo ya kai wannan matsayi, magani da gashin ƙashi sassauci kawai suke kawowa, shi ya sa mai hali yakan nufi Indiya ko Masar domin a sauya masa gwiwa.

Ba wai ba mu da likitocin ƙashi ba ne. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano yana aiki tun 1959, kuma likita yakan shafe shekara biyar zuwa shida yana samun horo a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Sai dai akasarin abin da ke zuwa hannunsa a waɗannan shekaru karaya ce ta haɗarin mota da babur, da kuma gyaran ɗorin da ya ɓaci a gida. Sauya gwiwa jefi-jefi yake ganinsa.

Wannan giɓi ne horon zurfafa ƙwarewa yake cikewa. A Amurka da Ingila, likitan da ya kammala horonsa yakan ƙara kimanin shekara guda a wata cibiya, yana aikin gaɓa ɗaya kullum a gaban wanda ya goge a kanta.

Aikin kansa ne ya wajabta haka. Ana aske bakin ƙashin cinya da na ƙwauri, a sanya musu murfin ƙarfe, a shimfiɗa roba mai ƙarfi a tsakani. Idan yankan ya ɗan karkace, ko jijiyoyin gefe suka fi ɗamewa a ɓangare guda, robar za ta cinye da wuri, majinyaci ya koma gidan jiya. Tun da John Insall da abokan aikinsa suka fito da samfurin gwiwar roba ta zamani a birnin New York a 1974, aikin ya inganta ƙwarai, har wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25. Amma a lura, alƙaluman sun fito ne daga ƙasashen da likita ke yin aikin a kai a kai.

Majinyatanmu kuwa sukan makara wajen zuwa asibiti, sai ƙafa ta riga ta gwame, wanda hakan ke ƙara wa aikin wuya. Sannan buƙatarsu daban ce. Gwiwar roba takan lanƙwashe kimanin digiri 110 zuwa 120, alhali zaman tahiya yana neman fiye da haka. Ƙwararren likita ne zai faɗa wa dattijo wannan gaskiya kafin a shiga ɗakin tiyata, kuma shi ne ya san wanda bai kamata a yi wa aikin ba sam.

A ganinmu, ya dace gwamnatocin jihohi su ɗauki nauyin wannan horo, tare da yarjejeniyar cewa likita zai dawo ya yi wa jiharsa aiki na wasu shekaru. Sai dai tura likita shi kaɗai ba zai wadatar ba. Dole a horar da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi tare da shi, a kuma tanadi ɗakin tiyata mai cikakkiyar tsafta, domin ƙwayar cuta idan ta shiga gwiwar roba, sau da yawa sai an cire ta baki ɗaya. Likitan da ya dawo ya tarar babu kayan aiki, hannunsa zai yi sanyi cikin ɗan lokaci, ko kuma asibitocin Saudiyya da Ingila su ɗauke shi.