Bayani A Kan Gardamar Matuƙan Jirgin Sama In An Gama Kamfani Biyu

Fataken dā sun san cewa in ayari biyu suka gamu a zango suka yi shawarar tafiya tare, gama kaya da dabbobi ba shi da wuya. Wuyar tana wurin mutane: wane ne madugu, wane ne jagaba, wa zai shiga gaba, wa zai bi baya ya sha ƙura. To, irin wannan mas'ala ce ta ke aukuwa a zamanin nan in kamfanonin jirgin sama biyu suka zama ɗaya. Masu dukiya su kan gama lissafinsu cikin 'yan watanni, a shafa wa jirage fenti iri ɗaya, amma matuƙa su kan shekara goma ba su shirya ba. Tun da ya ke malamai da 'yan kasuwa sun zama ma'abota hawan jirgi, ya kamata su san ko wannan gardama tana taɓa ran fasinja, da kuma ta inda ta ke taɓa shi.

Asalin gardamar shi ne wannan. A kamfanonin Amurka kowane matuƙi yana da lamba cikin wani jeri, bisa ga ranar da aka ɗauke shi aiki. Wannan lamba ita ce jarinsa duka. Ita ke nuna ranar da zai tashi daga mataimaki ya zama kyaftin, watau shugaban jirgi. Ita ke nuna ko babban jirgi mai ƙetare teku zai tuƙa ko ƙarami, albashi kuwa girman jirgi ya ke bi. Ita ke ba shi zaɓin garin da zai zauna da ranakun hutunsa. In kasuwa ta faɗi aka tashi rage ma'aikata, daga ƙasan jeri a ke fara sallama. Sa'an nan lambar ba ta bin mutum zuwa wani gida: kyaftin mai shekara 25 a bakin aiki in ya sake kamfani, sai ya koma ƙarshen layi kamar ɗan koyo. Saboda haka in an gama kamfani biyu tilas a gama jeri biyu, kuma duk wanda ya hau mataki ɗaya, wani ne ya sauka dominsa.

Babu inda wannan ya yi tsanani kamar gamin da aka yi a 2005 tsakanin US Airways da America West. US Airways tsohon kamfani ne na gabashin Amurka, ya karye har sau biyu, a 2002 da 2004, an rage wa matuƙansa albashi, an kuma soke asusun fanshonsu a 2003. Yana da matuƙa kimanin 5,100, amma wajen 1,700 daga cikinsu suna zaune a gida suna jiran kira, gama babu aikin ba su. America West kuwa yaro ne, a 1983 ya fara tashi daga birnin Finiks na yamma. Matuƙansa kimanin 1,900 ne, suna kan aikinsu. Tun daga nan aka riƙa kiran waɗancan mutanen Gabas, waɗannan mutanen Yamma.

Mutanen Gabas suka ce a bi ranar ɗaukar aiki, wanda ya riga ka kwana shi zai riga ka tashi. Mutanen Yamma suka ce wannan zalunci ne, domin kamfanin Gabas yana bakin kushewa aka cece shi, ba ya yiwuwa mutumin da ba shi da aiki jiya ya zo yau ya hau kan wanda ke da aikinsa. Kowane ɓangare yana da hujja, mai adalci ba zai ce ɗaya mahaukaci ne ba. Da suka kāsa shiryawa, sai aka kai maganar gaban wani dattijo mai raba gardama, George Nicolau, bisa sharaɗin cewa abin da ya yanke ya zauna. A watan Mayu 2007 ya yi hukunci. Ya ba manyan matuƙan Gabas kimanin 500 saman jeri, ya sassaƙa sauran masu aiki na ɓangarorin biyu daidai gwargwado, kāna ya sa waɗanda ke zaman jira a ƙasan kowa. Ta haka aka sami mutumin Gabas da aka ɗauka aiki tun shekaru da yawa yana bayan mutumin Yamma da bai daɗe da zuwa ba.

Mutanen Gabas suka ƙi. Da ya ke sun fi yawa, sai suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna USAPA, suka ka da tsohuwar ƙungiyar ALPA a ƙuri'ar watan Afrilu 2008, domin su ce hukuncin bai ɗaure sabuwar ƙungiya ba. Mutanen Yamma suka kai ƙara. Aka yi ta shari'a da ɗaukaka ƙara shekara da shekaru, har a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ƙungiyar ba ta yi wa mutanen Yamma adalcin da ke wuyanta ba. A tsawon wannan lokaci kamfani ɗaya ne a suna, biyu ne a ɗakin tuƙi: ba a haɗa mutumin Gabas da na Yamma cikin jirgi ɗaya. Kuma saboda babu jeri ɗaya ba a sami sabuwar yarjejeniyar albashi ba, mutanen Gabas suka zauna kan albashin zamanin karaya har 2013. Kowa ya yi hasara, sai lauyoyi.

To, ina ran fasinja cikin wannan? Wajibi ne a fara da faɗin gaskiya: daga 2005 har aka daina amfani da sunan US Airways a 2015, babu jirgin kamfanin da ya faɗi ya hallaka fasinja. Har ma cikin tsakiyar rigimar, ran 15 ga Janairu 2009, wani jirginsa ya yi karo da garken dinya bayan tashinsa daga New York, injinansa biyu suka mutu, Kyaftin Sullenberger da mataimakinsa Skiles suka saukar da shi bisa Kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duk suka tsira. Wanda ya ce gāba tsakanin matuƙa ita kaɗai tana ka da jirgi, ya faɗi abin da ba shi da shaida. Ɓarnar tana shigowa ne a hankali, ta ƙofa uku.

Ƙofa ta farko ita ce zuciyar mai tuƙi. An sa mutum biyu a gaban jirgi domin ɗaya ya ga kuskuren ɗaya ya faɗa masa nan take. In akwai ƙullin zuciya ko tsoro, sai baki ya yi nauyi. Misalin da masana ke kawowa a Ingila ya faru, ba kuwa a kan gamin kamfani ba, a kan yajin aiki ne ya raba matuƙan kamfanin BEA gida biyu. Ran 18 ga Yuni 1972, kafin tashi, Kyaftin Stanley Key, wanda ba ya son yajin, ya yi wa wani matuƙi faɗa mai zafi a ɗakin ma'aikata, saurayin da zai zauna kusa da shi a jirgi, ɗan shekara 22, yana kallo. Jirgin ya tashi daga Landan za shi Brussels, bai cika minti uku a sama ba ya faɗo kusa da garin Staines, mutum 118 suka mutu. Bincike ya nuna gudun jirgin bai kai ba, an kuma janye ƙananan fikafikan gaba da ke tallafarsa tun lokaci bai yi ba, sa'an nan kyaftin yana da ciwon zuciya mai tsanani wanda ba a sani ba. Jirgin ba shi da na'urar ɗaukar magana, don haka babu mai iya rantsuwa cewa faɗan ne sanadi. Amma kuskuren ya auku a gaban matuƙa uku, ba a gyara shi cikin lokaci ba. Irin wannan haɗari, da na tsibirin Tenerife na 1977 inda mutum 583 suka hallaka, su suka sa kamfanoni suka shiga koya wa matuƙa cewa ƙarami ya faɗa, babba ya saurara. Wannan tarbiyya kuwa ba ta tsayawa sai bisa amana.

Ƙofa ta biyu ita ce ɓoye kuskure. A Amurka akwai wani tsari da matuƙi zai kai rahoton kuskurensa da kansa, a zauna tsakanin kamfani da ƙungiya da hukumar jiragen sama ta FAA a gyara, ba domin a hore shi ba. Ta nan a ke gane ramin da ke kan hanya tun wani bai faɗa ba. A ƙarshen 2008 wannan tsari ya tsaya a US Airways, saboda ƙungiya da kamfani sun kāsa yarda da juna a kan kāriyar mai kai rahoto, sai a 2009 aka maido shi. Duk kuskuren da ba a faɗa ba a wannan tsakani, darasi ne da ya salwanta.

Ƙofa ta uku ita ce mafi muni, watau mai da kalmar haɗari makamin faɗa. Dokar Amurka ta tsananta sharuɗɗan yajin aiki ga matuƙa. Amma kyaftin yana da ikon da ba mai ƙwace masa: ya ce jirgin nan bai gamshe shi ba, ko ya ce ya gaji ba zai iya tuƙi ba. An ba shi wannan iko ne domin tsare rayuka. A watan Yuni 2011 wata kyaftin mai shekaru da yawa a aiki ta ƙi tashi da babban jirgi daga Filadelfiya zuwa Rum, saboda wutar lantarkinsa ta nuna aibi, har masu gadin kamfani suka raka ta waje. A watan Yuli ƙungiya ta sayi shafi guda a jaridar USA Today ta ce kamfani ya fifita riba bisa rai. Kamfani ya musa, hukumar FAA ta ce ba ta ga an karya doka ba. Kāna kamfani ya kai ƙungiya ƙara, ya ce matuƙa suna jan ƙafa da gangan: suna tafiya sannu a filin jirgi, suna yawaita rubuta aibin jirage, suna yawaita cewa sun gaji. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce wannan jinkiri a wajen mutanen Gabas ya bayyana, aikin mutanen Yamma bai sāke ba. A watan Satumba 2011 alƙali a birnin Charlotte ya yarda da hujjar, ya umarci ƙungiya ta daina.

Mai hankali ya duba abin da ya rage bayan wannan hukunci. Gobe in wani matuƙi ya ga aibi na gaskiya, zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta, kada a ce yana cikin masu jan ƙafa. In ya rubuta kuma, wanda ya karɓi takardar zai tambayi kansa ko gaskiya ce ko faɗan albashi ne. Ɗan kasuwa ya san wannan: in jabu ya yawaita a kasuwa, mai kuɗin gaske ma sai an juya kuɗinsa an ƙwanƙwasa. Haka ya faru a Indiya, bayan gama Air India da Indian Airlines a 2007. A watan Mayu 2012 matuƙan tsohon Air India suka ƙi yarda a koya wa 'yan ɗaya ɓangaren tuƙin sabon jirgi Boeing 787, suka riƙa aiko da cewa ba su da lafiya, aka kwana 58 a haka, aka kori kimanin 100. Ranar da matuƙi ya kwanta ciwo da gaske, da wane baki zai faɗa a gaskata shi?

Abin yana da magani, an kuwa gwada shi. Sa'ad da Delta ta tashi gamuwa da Northwest a 2008, an fara daidaita yarjejeniyar albashi ɗaya ga matuƙan gida biyu tun kafin a ƙulla cinikin a watan Oktoba, aka kuma amince tun da wuri a kan waɗanda za su raba gardamar jeri. A watan Disamba na wannan shekara jeri ya fito, masu gunaguni suka yi, amma aiki ya ci gaba. Majalisar Amurka ma ta kafa doka a ƙarshen 2007 cewa in an gama kamfanoni a gama jerin ma'aikata bisa adalci, in an kāsa a kai ga mai raba gardama. Su kuwa mutanen Gabas da Yamma ba su shiga jeri ɗaya ba sai a 2016, bayan kamfaninsu ya sake gamuwa da American Airlines a 2013. Shekara 11 ke nan daga ranar gamin farko.

Abin lura ga shugabannin kamfanoni da hukumomi shi ne, tun ran gini tun ran zane: a gama maganar mutane kafin a gama maganar dukiya. Wanda ya yarda da mai raba gardama kafin hukunci, ya yarda da shi bayan hukunci, ko da ya zo masa da ɗaci. A kuma raba zauren maganar albashi da zauren maganar lafiyar jirgi, kada mai zama a wannan ya shigo da fushinsa cikin wancan. Fasinja kuwa, in an ce masa kyaftin ya ƙi tashi sai an duba jirgi, kada ya yi fushi da jinkirin. Abin da ya kamata ya ji tsoro shi ne kamfanin da aka kai matsayin da matuƙi zai ce akwai haɗari, a rasa mai gaskata shi.