Awa Dubu Goma Da Takardar Sati Biyu

Maganar wannan makon a kan gwaninta take.

Mun saba jin cewa sai mutum ya yi awa 10,000 yana aiki ɗaya kafin ya ƙware. Malcolm Gladwell ne ya yaɗa wannan magana a littafinsa Outliers na 2008, ya samo ta daga binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka yi a 1993 kan masu koyon kiɗan goge na Turawa a Jamus. Idan awa huɗu kake yi kullum, kusan shekara bakwai ke nan. Sai dai shi kansa Ericsson bai yarda da yadda aka fassara aikinsa ba. A wurinsa, yawan awanni ba ya isa sai da malamin da zai riƙa nuna maka kuskure, ka koma ka sake.

Mu a Jibiya ba sai mun je Jamus ba. Ku dubi 'yan canji a Magama. Mutumin Ɗan Isa ko Maraɗi da dala yake lissafi, dala ɗaya sefa biyar ce, don haka in ya ce ɗari, 500 yake nufi. Jakarsa sefa 1,000 ce, tamu kuwa naira 200. Yaron da ke koyo sai ya riƙe wannan a ka, ga farashi yana sauyawa safe da yamma, ga jabun kuɗi da sai yatsa ya saba kafin ya gane. Kowane kuskure daga aljihun ubangidansa yake fita, shi ya sa ake gyara masa nan take, wani lokaci da faɗa.

Rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya tsayar da ciniki, kowa ya yi kuka da wannan. Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne yaran da koyonsu ya katse a tsakiya, yaran mota da na gareji da na canji, domin ba mai koyarwa in babu aikin yi.

Yanzu kuma maganin da ake kawo mana shi ne bitar sati biyu, a raba takardar shaida da keken ɗinki, a ɗauki hoto. (Wani keken ma kafin sati ya zagayo yana kasuwa.) Mu dai da an tambaye mu, gara kuɗin nan a biya tela ko makaniki ya riƙe yara uku shekara biyu, ana zuwa duk wata a ga abin da suka iya.