Shirunmu a Diffa ba ya kare kowa daga sida

Duk lokacin da aka taɓo zancen samarin da ke neman maza 'yan'uwansu, daga majalisun kasuwar tattasai ta Diffa har ofisoshin ma'aikata, amsa ɗaya ake bayarwa: "Ba mu da su a nan." In an matsa, sai a juya: "Ko da akwai su, wanda ya koya musu kariya daga sida ya ɗaure wa ɓarna gindi." Duka maganganun biyu kuskure ne, kuskuren da ake biya da rai, kuma ba ran samarin kaɗai ba.

Jiharmu ta san wannan ciwo. A binciken lafiya na ƙasa na 2006, Diffa ce kan gaba a Nijar, da kashi 1.7 cikin ɗari, lokacin da ƙasar gaba ɗaya take da 0.7. Yau adadin ƙasa ya sauko zuwa wajen 0.2, sai muka saki jiki. Amma ƙwayar ba ta tafi ba, ta taru ne inda ba ma son dubawa. Alƙaluman UNAIDS, hukumar yaƙi da sida ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun nuna fiye da kashi 6 na maza masu neman maza a Nijar suna ɗauke da ita. A Najeriya, wadda kogin Komadugu kaɗai ya raba mu da ita, binciken 2020 ya samu kashi 25 a cikinsu, alhali na jama'a bai kai kashi 2 ba. Wanda ya ce irin waɗannan samari sun tsaya a Yamai da Maiduguri, ba su iso Bosso ko Maine Soroa ba, kansa yake yaudara.

Masu cewa tsanani ne magani su dubi abin da ya faru a maƙwabta. A Janairun 2014 shugaban Najeriya na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14. Masu bincike a wani asibiti na Abuja sun bi irin waɗannan maza kafin dokar da bayanta, suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet HIV a 2015: masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38. Dokar ta kore su daga gaban likita, ba ta cire ƙwayar daga jinin kowa ba. A nan gida, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya haramta wannan ɗabi'a ƙarara. To, wannan aikin hukuma ne da alƙali. Aikin mai jinya daban yake, kuma dokar yaƙi da sida ta 2015 ta ɗora masa riƙe sirrin majiyyaci.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da cutar ke shiga. Jama'a na zaton haɗarin yana wajen baƙon dare ɗaya. Wani nazari na 2009 a birane biyar na Amurka ya ƙiyasta cewa kashi 68 na sabbin kamuwa tsakanin irin waɗannan maza daga abokin da aka daɗe tare suke fitowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da baƙo ana sa kwaroron roba. Da wanda aka saba, aka ci abinci tare, aka ranta wa juna kuɗi, sai a ajiye shi, don neman a sa shi ya zama kamar zargi. Saurayi ɗan shekara 20 ba zai iya ce wa wanda ya girme shi, wanda ke saya masa katin waya, yake biya masa kuɗin ɗaki, "mu je a gwada jininmu" ba. Yana tsoron a ce ya raina amana, yana tsoron a yanke masa taimako, wani lokacin ma yana tsoron a tona masa asiri. Mace da mijinta in sun saɓa suna da gwaggo, suna da liman, suna da waliyyi. Waɗannan biyun ba su da kowa. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga yadda ake tambayar mutum sakamakon gwajinsa ba tare da faɗa ba, ga abin da za ku yi in ɗayanku ya yi hulɗa a waje, ga yadda ake cewa a'a.

Kuma abin takaici, ilimin yana nan, mai sauƙi ne. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Binciken PARTNER2, da aka wallafa a 2019, ya bi ma'aurata maza 782 a Turai, ɗaya na da ƙwayar yana shan magani, ɗaya ba shi da ita. Bayan saduwa fiye da sau dubu 76 ba kwaroro, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokinsa ba. Akwai maganin rigakafi na PrEP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2014. Akwai wanda ake fara sha cikin awa 72 bayan an sadu ba kariya, na kwana 28. Maganin masu ɗauke da ƙwayar kyauta ne a Nijar. Kwaroron Foula kuwa yaro ma ya san sunansa. Duk wannan ba ya amfanar wanda ke jin kunyar taka ƙofar likita.

Sai mu zo ga waɗanda masu shiru ke cewa suna karewa. Yawancin samarin nan za su yi aure, don a ƙasarmu namiji ba ya zama gwauro har abada; uwa za ta matsa, dangi za su matsa. Ranar da aka kai amarya, abin da ke jininsa ya shiga gida. Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ita ce za a gano tana da ciwon ranar awon ciki, kuma ita za a fara zargi. Wanda ya hana saurayin nan gwaji da sunan tsare tarbiyya, wannan yarinya da jaririnta ya cuta.

Ku ɗauki gari kamar Toumour. Mutanensa sun karɓi dubban 'yan gudun hijira daga ƙetaren kogi, sannan a daren 12 ga Disamba 2020 maharan Boko Haram suka kashe mutum aƙalla 27, suka ƙone ɗaruruwan gidaje. Jama'ar da ta ga wannan tana zaune a cunkushe, kowa ya san kowa, kuma mai karɓar kati a asibiti maƙwabcin wani ne ko surukinsa. A irin wannan wuri, kalma ɗaya da ta fita daga ɗakin gwaji ta isa ta hana samari goma zuwa. Birnin Diffa kuma yana da nisan kusan kilomita 75 daga Toumour, a hanyar da ba kullum ake binta da kwanciyar rai ba.

Na san abin da malamaina za su ce, kuma ban nemi kowa ya sauya abin da addininsa ya koya masa ba. Amma addinin nan ne ya hana mu bin diddigin asirin mutane, shi ne ya girmama ceton rai. Likita ba ya tambayar mai ciwon hanta ko ya taɓa shan giya kafin ya duba shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma majiyyaci ba zai buɗe ba sai ya tabbata abin da ya faɗa zai tsaya a ɗakin.

Don haka ina kira ga hukumar lafiya ta jihar Diffa da ƙungiyoyin da ke aiki tare da ita: a horar da ma'aikatan asibitocin karkara su karɓi duk wanda ya zo gwaji ba tare da tuhuma ba, a bar mutum biyu su shiga tare in sun so ba a tambaye su mene ne tsakaninsu ba, a kai kayan gwajin da mutum ke yi da kansa har Toumour da Bosso da N'Guigmi, kuma ma'aikacin da ya fitar da sirrin majiyyaci a hukunta shi kamar yadda doka ta tanada.