Ɗakin Lambu Bayan Ritaya: Aikin Ya Kamata Ya Riga Ɗakin Zuwa

A shekarar 2017, ƙasa da shekara guda da saukar David Cameron daga kujerar Firaministan Birtaniya, jaridun ƙasar suka cika da hoton wani ɗan ɗakin katako mai ƙafafun ƙarfe da ya saya a kan fam 25,000. A wani wuri aka ƙera shi, aka kawo aka ajiye a lambun gidansa da ke yankin Cotswolds, da murhun itace a ciki da kujerar da ake miƙewa ta zama gado. A nan ne ya yi niyyar zama ya rubuta tarihin rayuwarsa. An sha yi masa ba'a a kan tsadar ɗakin, amma da yawa daga masu dariyar suna da irin wannan buri a ransu: ranar da aka ajiye aiki, a samu ɗan keɓantaccen wuri a ƙuryar lambu, a yi zane ko sassaƙa ko ɗinki ko ginin tukwane, abin da aikin ofis ya hana shekara talatin.

Kamfanoni sun fahimci wannan buri, sun kuma mayar da shi kasuwa. Ana yanka allunan bango da bene da rufi a masana'anta, a cusa musu abin tare sanyi a tsakiya, a kawo su a mota, a harhaɗa cikin 'yan kwanaki a kan daɓen kankare ko a kan manyan kusoshin ƙarfe da ake murɗawa cikin ƙasa. Wanda ya taɓa ƙara ɗaki na bulo a jikin gida ya san darajar wannan: babu watannin ƙura, babu magina suna kai da komo a tsakar gida, kuɗin da aka faɗa tun farko shi ne galibi ake biya. Kasuwar ta ƙara buɗewa a lokacin annobar korona a 2020, da mutane suka koma aiki daga gida.

Doka ma ta sassauta. A Ingila, mai gida yana iya kafa irin wannan ɗaki ba tare da neman izinin gini daga ƙaramar hukuma ba, muddin ya cika wasu sharuɗɗa. Kada ya zama bene, kada a kafa shi a gaban gida, kada gine-ginen da aka ƙara su cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da gidan na asali. Idan tsakaninsa da iyakar maƙwabci bai kai mita 2 ba, tsayinsa gaba ɗaya ba zai wuce mita 2.5 ba. Kuma wurin hidimar mutanen gida ne, ba a mayar da shi gidan kwana mai zaman kansa. Wanda bai kai murabba'in mita 15 ba, in dai ba a kwana a ciki, yawanci ƙa'idojin ingancin gini ba su hau kansa ba, sai dai aikin wutar lantarki wanda dole ya bi nasa ƙa'idojin. Masu zama a gidajen bene na haya-haya da masu gidajen da aka sanya a jerin kayan tarihi ba su da wannan sassauci.

To ina matsalar take? Tana cikin abin da ake sa ran ɗakin zai yi.

Masu talla suna son ambaton manyan marubutan da suka yi aiki a ɗakunan lambu, kuma sunayen na gaskiya ne. George Bernard Shaw yana da ɗan ƙaramin ɗaki a gidansa na ƙauyen Ayot St Lawrence, wanda aka ɗora a kan abin juyawa don a riƙa karkata shi yana bin rana. Ya raɗa masa suna Landan, domin idan baƙo ya zo a ce masa maigida yana Landan ba tare da an yi ƙarya ba. Roald Dahl yana da nasa a Great Missenden, inda yakan zauna a tsohuwar kujera da allo a kan cinya, yana rubutu da fensir a takarda ruwan ɗorawa, kamar awa biyu da safe, awa biyu da yamma. Virginia Woolf tana da nata a Monk's House, gidan da ita da mijinta suka saya a Rodmell a 1919. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dukkansu da aikinsu a hannu suka shiga waɗannan ɗakuna. Rubutu ne ya yi musu yawa, hayaniyar gida ta dame su, suka nemi mafaka. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kafa ɗaki sannan ya zauna yana jiran sha'awa ta sauko masa.

Mai ritayar da bai taɓa riƙe burushin fenti ba tun yana makarantar firamare, ya sayi ɗaki don ya zama mai zane, ya riga malam masallaci. Wata uku na farko zai yi ta shirya kanta da jera kaya. Daga nan sanyi ya shigo. A watan Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma tafiyar mita ashirin a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa cikin duhu ta isa ta karya niyyar da ba ta yi jijiya ba. Kafin bazara ta zagayo, keken jikoki da injin yankan ciyawa sun samu masauki mai tsada.

Tsadar kuwa ba ta wasa ba ce, kuma a nan ne maganar ta wuce ta ado. Ɗakin da mutum zai iya zama a ciki da hunturu, mai gilashi ruɓi biyu da bango mai tare sanyi, yakan haura fam dubu goma, sau da yawa ya ninka haka. Ga daidaita ƙasa, ga binne wayar lantarki daga cikin gida, ga kuɗin ɗumama ɗaki duk shekara, ga inshora. Mai ginin tukwane yana buƙatar ruwa da magudana da wutar da za ta iya ɗaukar tanderu, kowanne da nasa lissafin. Daga ina kuɗin ke fitowa? Tun watan Afrilun 2015 doka ta bai wa masu asusun fansho na adashi a Birtaniya damar taɓa kuɗinsu daga shekara 55, kuma kashi ɗaya cikin huɗu yawanci babu haraji a kansa. Wannan dunƙulen kuɗi sau ɗaya yake zuwa a rayuwa, alhali namijin da ya kai 65 a ƙasar ana sa ran zai ƙara kimanin shekara 18, mace kuwa kusan 21. A cikin waɗannan shekaru akwai rufin gida da zai yi yoyo, akwai rashin lafiya, akwai kuɗin jinya. Woolf kanta, a littafinta A Room of One's Own na 1929, abu biyu ta ce mace na buƙata kafin ta yi rubutu: ɗaki nata, da kuɗin shiga fam 500 a shekara. Ɗakin ake ta tunawa, an manta da kuɗin.

Duk da haka, zalunci ne a ce ɗakin lambu almubazzaranci ne ga kowa. Akwai aikin da ba ya zama lafiya da gida. Ƙurar katako tana shiga huhu da labule, warin fentin mai yana hana barci, mai koyon busa ko kiɗa yana gwada haƙurin iyali. Akwai kuma matar da ta yi shekara arba'in tana shimfiɗa ɗinkinta a teburin cin abinci, tana tattarawa duk lokacin da za a ci tuwo, ba ta taɓa samun wurin da za ta bar aiki a buɗe ta dawo gobe ta same shi yadda ta bar shi ba. Ga irin wannan, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu tun makon farko. Haka ma ma'auratan da ritaya ta haɗa a gida ɗaya dare da rana bayan sun saba rabuwa da safe: ƙofa guda da za a iya rufewa tana kashe rigingimu da yawa tun ba su tashi ba.

Alamar da ke raba waɗannan da na farko a bayyane take. Aikin ya riga ya cika wurin da yake? An yi shi hunturu guda cur a ƙuryar falo ko gareji ba a daina ba? Wanda ya yi haka ne kaɗai ya san abin da zai tambayi kamfani. Mai zane zai nemi taga ta fuskanci arewa, don hasken can ba ya sauyawa da tafiyar rana. Mai sassaƙa zai lura cewa mita 2.5 ɗin nan daga waje ake aunawa, kuma idan aka cire kaurin bene da na rufi, abin da ya rage a ciki da kyar ya ɗara mita 2, wanda bai isa a juya dogon katako ba. Mai adana takarda ko yadi zai tambayi yadda iska ke fita, don laima da fumfuna ba sa jin magiya. Kuma kowa ya kamata ya tuna cewa ƙafar da ke tsallake matakala a shekara 66 ba ita ce za ta tsallake ta a 78 ba: hanya mai daɓe, fitila, ƙofa mai faɗi marar dokin ƙofa, sun fi fenti mai kyau amfani.

Sai abu mafi nauyi, wanda ba ya cikin takardar farashi. Wurin aiki ba tebur kawai yake bai wa mutum ba. Yana ba shi dalilin tashi da safe, da mutanen da za su tambaya in bai zo ba. Ɗakin lambu yana mayar da teburin, ya bar sauran. A ƙasar da kaɗaici ya kai gwamnati ta ɗora wa minista alhakin yaƙi da shi a watan Janairun 2018, ɗaukar dattijo a kai shi wuri mafi nisa daga titi a duk gidansa abin a tsaya a duba ne. Shaw yana gudun baƙi ne saboda sun yi masa yawa. Yawancin masu ritaya akasin haka ke damunsu. Gidan Bahaushe na gargajiya ya warware wannan ta wata hanya dabam: tela ko baduku ko malamin da ke rubutu a zaure yake zama, a bakin hanya, hannu na aiki baki na amsa gaisuwa.

A Ostareliya ma an gano haka. Cikin shekarun 1990 aka fara buɗe wuraren da ake kira Men's Sheds, wato rumfunan aikin hannu na haɗin gwiwa, inda dattawa ke taruwa su yi kafinta da gyare-gyare da kayan aiki na kowa da kowa. An kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 2007, yanzu rumfunan sun haura dubu a can, Birtaniya kuma ta kafa tata ƙungiyar a 2013. Tushen tunanin shi ne maza da yawa ba sa iya zama ido da ido su faɗi damuwarsu, amma suna faɗa idan suna tsaye gefe da gefe a bakin teburin aiki. Mata ma sun buɗe nasu. Kuɗin shiga ba ya taka kara ya karya, akwai injinan da mutum ɗaya ba zai saya ba, akwai kuma wanda zai nuna wa sabon shiga yadda ake riƙe kurfi ba tare da ya yanke yatsa ba.

Wata shida a irin wannan rumfa, ko a ajin yamma na koyon zane ko tukwane, zai nuna wa mutum ko sha'awarsa ta gaske ce, da kuɗin da bai kai na taga ɗaya ta ɗakin lambu ba. In ya fito daga nan har yanzu yana ƙorafin cewa kwana biyu a mako ba su ishe shi ba, to ya kira kamfani. Ya zaɓi wanda ya ɗan fi buƙatarsa girma don a samu wurin kujera ta biyu da butar shayi, ya kafa shi inda za a iya isa ta ƙofar gefe ba sai an ratsa falo ba. In kuma abokan suka yi yawa har abin ya koma ɗalibai masu biyan kuɗi suna ajiye motoci a layi, sai ya koma ƙaramar hukuma ya tambaya, domin sassaucin da doka ta yi na hidimar mutanen gida ne, kasuwanci mai jawo jama'a yana iya buƙatar izini na dabam.