Ɗan Barto ba shingen duwan kaɗai ba ne

Jama'a, da an ce Ɗan Barto sai a tuna duwan da manyan motoci masu jiran tsallakawa Kwangwalam. Alhali tun kafin Faransa da Ingila su shata iyakar nan a 1906, fataken Kano da Daura ke ratsa ƙasar Kance zuwa Damagaram. Dangi ɗaya ne Turawa suka raba, shi ya sa rufe iyaka a 2019 da 2023 ya taɓa kowane gida.

To wa ya sari garuruwanmu? Wa ya haƙa rijiyoyin farko? Tsofaffi suka sani, kuma kullum raguwa suke. Magajin gari da malaman lakwal, don Allah ku zauna da su, ku rubuta. In aka yi sake, jikokinmu a bakin baƙo za su ji asalinsu.