Zanen Taya Da Ran Fasinja A Hanyar Jalingo

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko, ko Badun, ko Anacha, ko Fatakwal, wanda mahaifarsa ke cikin Jihar Taraba, ya san cewa zuwa ganin gida ba ƙaramar tafiya ba ce. Daga Agege zuwa Jalingo ya haura kilomita 1,000, kuma sai an keta Makurɗi, da Gboko, da Katsina-Ala, da Zaki Biyam, da Wukari, da Mutum Biyu, kafin a hango duwatsun ƙasar Muri. A ranar tafiya matafiyi yakan yi sammakon zuwa tasha, ya yi cinikin kuɗin mota da na kaya, ya zaɓi kujerar da zai miƙe ƙafa, wani ma har ya ƙare wa direba kallo don ya gane ko mai natsuwa ne. Abin da ba safai ake samun mai sunkuyawa ya duba ba shi ne taya, alhali kuwa motar nan da duk abin da ta ɗauko, mutane da buhuna da akwatuna, ba ta taɓa ƙasa sai a wurare huɗu kawai, kuma ko wane ɗaya daga cikinsu bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba.

Ya kamata jama'a su san aikin zanen da ke bisa taya, domin da yawa sun ɗauke shi ado ne irin na bakin riga. Manomi zai fi kowa saurin fahimtarsa, gama kunya da kwari ne irin na gona. Manyan kwaruruka, uku ko huɗu, waɗanda suka zagaye taya a tsaye, su ne magudanan ruwa. Ƙananan da suka gicciye zuwa kafaɗar taya su ke kwasar ruwan su watsar da shi gefe. Tudun robar da ya rage tsakaninsu, wanda direbobi ke kira haƙoran taya, shi ke dafe kwalta, da shi mota ke tashi, da shi take juyawa, da shi kuma take tsayawa in an taka birki. Sa'an nan a jikin haƙoran nan akwai waɗansu 'yan siraran tsage kamar na askar wanzami. Idan nauyin mota ya danne haƙori sai tsagen su buɗe baki, kaifinsu ya share ɗan ruwan da ya saura a fuskar kwalta, roba ta sami busasshen wurin kamawa. Wani Ba'amurke mai suna John Sipe ne ya yi rajistar wannan dabara a 1923, kuma har yau da sunansa Turawa ke kiran tsagen. Shi kuwa zanen kansa ya girme su, don tun 1904 kamfanin Continental na Jamus ya fito da tayar mota mai zane.

Yawan ruwan da ake magana a kansa abin mamaki ne. Kamfanin nan na Continental ya ƙiyasta cewa sabuwar taya, a gudun kilomita 80 cikin awa, tana iya kawar da ruwa har lita 30 a sakan guda, watau fiye da jarka ɗaya irin ta 'yan garuwa kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zurfin zane kimanin milimita 8. Kullum tana tafiya zanen yana cinyewa, magudanan suna ƙanƙancewa, har a kai matsayin da ruwan da ke gaban taya ya fi ƙarfin hanyar fitarsa. Daga nan sai ya taru ya kutsa ƙarƙashinta ya ɗaga ta, mota ta koma tana yawo bisa ruwa kamar kwalekwale. A wannan hali sitiyari ba ya jin magana, birki ba ya jin magana, gwanintar direba ta shekara talatin ba ta da wani amfani, kuma motar da ke gudun kilomita 80 tana cin fiye da mita 20 a ko wane sakan.

Abin da ke yaudarar direbobi shi ne rani. A busasshiyar kwalta suɗaɗɗiyar taya tana riƙe hanya sosai, domin roba mai yawa ce ke taɓa ƙasa. Shi ya sa masu babban tseren motoci na Formula One ke gudu da taya marar zane ko kaɗan in rana ta buɗe, da hadari ya zubo kuwa su garzaya su sauya mai zane. Har ma daga 1998 zuwa 2008 an tilasta musu sa kwaruruka a tayoyin rani, musamman don a rage musu riƙon hanya su sassauta gudu. To, direban Jalingo ba shi da masu jiransa a bakin hanya da sababbin tayoyi. Yakan yi wata biyar ko shida, tun daga Nuwamba, yana kai da kawowa da tayar da ta yi kwalkwal ba tare da ta ba shi kunya ba, har ya sakankance yana yabonta. Sai ruwan farko ya sauka a Afrilu ko Mayu, ya haɗu da ƙura da baƙin man da suka kwanta a kwalta duk tsawon rani, hanya ta yi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. A ranar ce ake gane abin da aka ɗora wa rayukan mutane, kuma a ranar ba a fafe gora.

Ƙasar Taraba kuwa ba ta ɗaukar wasa a wannan fanni. Ƙasa ce ta koguna da fadamu, ruwanta yana kaiwa har Oktoba, kuma ƙarfinsa ya isa ya karya gadar Namnai da ke kan babbar hanyar Wukari zuwa Jalingo a daminar 2024. Inda manyan motoci masu ɗauke da doya da shanu da masara suka lotsa kwalta, nan ruwa ke kwanciya a daidai sawun taya. Wanda zai hau tsaunin Mambila ta Bali da Serti, daga Mayo Selbe sai hawa da kwana masu kaifi, ga hazo, ga jan laka da zarar an sauka daga kwalta an nufi ƙauye. Ko wace irin hanya da zanen da aka ƙera dominta. Tayar laka tana da manyan haƙora da faffaɗan kwari don ta riƙa yar da taɓo tana juyawa, amma in aka sa ta a doguwar kwalta sai ƙugi da zafi da saurin cinyewa. Tayar kwalta mai matsattsen zane kuwa, da ta shiga laka sai kwaruruka su toshe ta zama sumul. A manyan motoci ma an bambanta: ta gaba, wadda ke bin sitiyari, zanenta a tsaye yake don ta miƙe hanya, ta baya mai tura mota ita ce mai haƙoran gicciye. Tsofaffin direbobin tirela sun san wannan sarai. Matsalar ita ce yau abin da aljihu ya iya saye shi ake ɗaurawa.

A nan ne maganar ta iso kan mazauna Kudu, domin ta hannunsu tayoyi da yawa ke isa gida. Wani ya sayi bas ya aika wa ƙanensa ya riƙa haya tsakanin Jalingo da Yola, wani direba ne da kansa, wani kuma saƙo ake yi masa cewa ya shiga kasuwar Ladipo a Ikko, ko ta Nkpor kusa da Anacha, ya sayo tayoyi tun da can sun fi araha. Mafi yawan masu arahar nan gwanjo ne, waɗanda aka gama morarsu a Turai ko wata ƙasa aka tattaro. Akwai wadda ta suɗe a fili, wannan kam mai saye ya ga abin da ya saya, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Waɗanda suka fi haɗari su ne biyun da ke da kyan gani.

Ta farko ita ce wadda aka sake yanka wa zane. Akwai masu ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su bi sawun tsohon zanen da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. Gaskiya ne akwai tayoyin manyan motoci da aka ƙera da ƙarin kaurin roba musamman don a sake yanka su, kuma an rubuta haka a jikinsu. Tayar ƙaramar mota da ta ƙaramar bas ba su da wannan rara. Ɗan siririn roba ne kawai ya raba gindin kwari da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da taya. In wuƙa ta cinye shi, ruwa ya sami hanya zuwa ga waya, tsatsa ta kama, zafin doguwar tafiya ya ƙarasa aikin, sai fatar taya ta ɓare ko ta fashe ana tsakiyar gudu. Fashewar taya kuwa ba ta san babba ba. A ran 6 ga Maris, 2016, ƙaramin Ministan Ƙwadago, Mista James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe.

Ta biyu ita ce tayar ƙanƙara, kuma ita ta fi ruɗin mai saye, don ita ce ta fi kowace yawan tsage da zurfin zane, har dillali ya riƙa nuna ta yana cewa ko ɗaura ta ba a yi ba. An ƙera ta ne da roba mai taushi don hunturun Turai, lokacin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma ana gane ta da hoton tsauni mai kai uku da tauraron ƙanƙara a tsakiyarsa. A Jalingo, inda zafin Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa, wannan roba sai ta yi laushi fiye da kima, haƙoran su riƙa lanƙwashewa, birki ya ƙara nisa, zanen da aka biya kuɗi dominsa ya narke cikin ɗan lokaci.

Duba taya ba ya bukatar ilmin boko mai zurfi. A cikin manyan kwaruruka masu ƙira sun dasa waɗansu 'yan tuddai na roba masu tsawon milimita 1.6, abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba, kuma a kafaɗar taya akwai haruffan TWI ko ɗan kan kibiya da ke nuna inda suke. Idan haƙora suka cinye har suka yi daidai da waɗannan tuddai, taya ta mutu. Masana ma sun fi son a sauke ta tun tana milimita 3 in ana bin hanyar ruwa. A gefen taya kuma, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna faɗin mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha nanata cewa kada a yi aiki da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙira. Wata taya tana da kibiya mai nuna inda za ta juya, in aka ɗaura ta a baibai sai zanen ya riƙa tattaro ruwa zuwa tsakiya maimakon ya kore shi. Yadda zane ya cinye ma labari ne: in tsakiya ce ta suɗe, mai faci yana cika iska fiye da kima, in kafaɗu biyu ne, iska ba ta isa ko kaya sun yi yawa, in gefe guda ne, ƙafar mota ta karkace.

Ba adalci ba ne a jibga wa direba laifin duka. Ƙasar nan tana da itacen roba, kuma tun shekarun 1960 ana ƙera taya a cikinta, har kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, na Dunlop kuma ya daina ƙira a Ikeja a 2008, bayan dogon kuka kan rashin wutar lantarki da tsadar aiki. Da aka koma dogaro da na waje, sai farashin taya ya zama bawan canjin kuɗi, ko yaushe Naira ta faɗi direba ya ji a jikinsa. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da doka ta hana shigowa da su, amma ga su nan jibge a kasuwanni rana tsaka, kuma ba daga sama suka faɗo ba. Har sababbin ma akan cusa huɗu ko biyar cikin juna don a rage kuɗin jirgi, su iso da wayoyinsu a tauye, abin da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha kamawa. Tare direba a Mutum Biyu a ci shi tara saboda tayar da ta wuce ta gaban jami'an kwastan a Apapa ko kan iyakar Seme, kamun reshe ne an bar tushe.

Duk da haka akwai abin da ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyar direbobi tana karɓar kuɗin lodi a kan ko wace mota da ta tashi daga tasha, a Jalingo ne ko a Agege, saboda haka wajibi ne ta ajiye mutum guda da ɗan ma'aunin zurfin zane, wanda kuɗinsa bai kai na kujera ɗaya ba, ya zagaye mota kafin a buɗe ƙofa, wadda ta gaza a fitar da ita daga layi ko ta wane ne. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Idi-Araba da sauran zangogin Kudu suna da bakin da shugabannin tasha ke saurara, kuma lokacin yin wannan magana shi ne watan Maris, tun hadari bai haɗo ba. Shi kuma fasinja da ya biya kuɗinsa cif, yana da haƙƙin ya zagaya ya sa yatsa cikin zanen tayoyin nan huɗu da ta safiya, in bai gamsu ba ya sauke jakarsa ya jira mota ta gaba, ko da 'yan kamasho za su yi masa dariya.