Daga Magarya, Kano Ta Fi Dakar Kusa

Duk ranar Alhamis, 'yan kasuwar Dungas sukan kora dabbobi su tsallaka Maigatari, su ci kasuwa su komo gida. Mutumin Magarya kuwa, tsakaninsa da Kano bai kai kilomita 200 ba. Hatsi na ƙetare wannan iyaka ta Nijar da Nijeriya, aure na ƙetarewa, littattafan Hausa na Kano ma suna shigowa cikin kayan matafiya. Ya dace ilimin tsara littattafai da adana su ya bi wannan hanya shi ma.

Tun asali, horar da ma'aikatan laburare a Afirka ta Yamma aikin haɗin gwiwar ƙasashe ne, sai dai harshen Turawan mulki ne ya shata masa layi. A 1953 UNESCO ta kira taro a Ibadan kan laburaren jama'a a Afirka. Makarantar horar da ma'aikatan laburare ta Ibadan ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1960 da tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashenta a 1968, Jami'ar Bayero ta Kano ta biyo daga baya. Ƙasashen renon Faransa kuma aka nufa da su Dakar, inda aka kafa makarantar EBAD a 1967. Ba wanda zai raina EBAD, don ta yaye ƙwararrun da suka riƙe taskokin tarihi da laburarori a ƙasashe da dama. Amma daga Magarya zuwa Dakar ya haura kilomita 2,500, kuma littattafan da mutanen yankin suke karantawa a zaurukansu ba su ne suka cika kantocin Dakar ba.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutum sama da 900,000 a gundumomin Magarya da Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Hausa ce bakin mafi yawansu. Mai yi wa wannan jama'a hidimar littafi zai ci karo da matsalolin da Faransanci kaɗai ba ya warwarewa, haka ma Ingilishi kaɗai.

A ɗauki shigar da littafi cikin kundin laburare, wanda shi ne gishirin sana'ar. Nijar tana rubuta ƴaƴa, Nijeriya tana rubuta 'ya'ya. Marubuci ɗaya zai fito Ousmane a wannan kundi, Usman a wancan. Gari ɗaya sunansa Zinder a takardar hukuma, Damagaram a bakin jama'a. Kwamfuta ba ta san duk abu guda ba ne sai ƙwararre ya ɗaure mata su wuri ɗaya. In ba a yi haka ba, ɗalibi zai nemi littafi a ce masa babu, alhali yana kan kanta. Gyaran wannan sai malaman ɓangarorin biyu sun zauna kan tabarma ɗaya sun yarda da ƙa'ida guda.

Sai kuma ajami, inda asarar ta fi ciwo. Cibiyar IRSH ta Yamai tana riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, tarin da Bubu Hama ya kafa harsashinsa. Gidan Arewa na Kaduna, da aka kafa a 1970, da Jami'ar Bayero suna da nasu tarin da gogewar shekaru. Waƙar wa'azi guda tana iya samun kwafi a Kano da wani a gafakar malami a Wacha, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Gara da ɗigon damina kuwa ba sa jiran yarjejeniya.

Shekarar 2025 ta sa maganar ta zama ta gaggawa. A watan Maris Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ta daɗe tana tallafa wa ƙananan cibiyoyin karatu na CLAC. A watan ne kuma sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Harshen da aka ɗaga haka yana bukatar masu tara abin da aka rubuta da shi, su tsara, su miƙa wa mai nema.

Kayan aikin suna nan. Damagaram tana da jami'a tun 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Nijeriya tana zaune a Yamai tun 1971. Gaskiya ne dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami bayan Yulin 2023, har iyaka ta yi watanni a rufe, kuma daidaita takardun shaidar karatu ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa ya fi kyau a fara da abin da hannu zai iya ɗauka: gajeren kwas na lokacin hutu, da Hausa, malaman Kano da Zariya da Damagaram da tsofaffin ɗaliban Dakar su koyar tare. Aikin gwajin ɗaliban ya zama zagaya zaurukan malamai a Bande, Wacha da Dogo-Dogo, da izinin masu littattafan, su rubuta sunan kowane littafi da marubucinsa, su ɗauki hotonsa, su bar wa mai shi kayansa.